Mutumin da Ya Ba da Baya a Hoton Kadawa

A daminar 2006 ni da sauran malaman firamare muka bi gida-gida a Kadawa muna roƙon tsofaffin hotuna. Abin da ya tunzura ni, ɗalibaina sun ɗauka hanyoyin ruwan da ke shayar da tumatirinmu haka Allah ya saukar da su, ba mutane ne suka haƙa da diga ba. Mun sha baƙar magana kam. Wani ya ce gara ta cinye nasa, wani ya ce mu je mu nemi aikin yi.

Ɗan abin da muka samu muka manna a bangon aji, kowane hoto da sunayen mutanensa a ƙasa. Guda ɗaya ya gagare mu: leburori a cikin rami, ɗayansu ya ba da baya, da faci a kafaɗar taguwarsa. Duk dattijon da na tambaya sai ya girgiza kai.

Ranar da aka buɗe wa jama'a ajin don kallon hotunan, sai da kowa ya watse Iyatu ta shigo tana dogara sanda. Tsohuwa ce da ke zaune ita kaɗai a bakin gari, ba ɗa ba jika. Ta daɗe a gaban hoton, sannan ta ɗora yatsa a kan facin.

"Malama Nafisat, ni na yi ɗinkin nan. Malam ne."

"Wane Malam, Iya? Garin nan ai kowa Malam ne."

Ta sunkuyar da kai. "Haba 'yar nan, kin san ba a faɗa."

Na sani mana. Macen zamaninsu ba ta kama sunan mijinta ko bayan ransa. Ga shi baƙi ne, aikin haƙa ya kawo su, Na-Bunkure kawai ake ce masa, waɗanda suka san sunansa na yanka duk sun riga mu gidan gaskiya. Da farko haushi ya kama ni, daga baya tausayi ya rufe ni.

"To bari in rubuta mijin Iyatu."

"In na mutu wa zai san Iyatu?"

Ta waiwayi ƙofa ta ga ba kowa, ta ja mayafi ta rufe baki.

"Sammani," ta ce, da ƙyar na ji.

Na ɗauki biro zan rubuta, sai ta saki mayafin ta fuskanci hoton, ta sake faɗa da ƙarfi, irin yadda ake kiran mutum daga gona. Ta tsaya tana jira. Ni ma wallahi sai da na jira ya waiwayo.