Hannun Auta

Kafinta yana tsakiyar goge murfin wani akwati ƙanensa Auta ya ajiye guduma, ya ce masa ya samu shago a bayan tasha, ranar Asabar zai kwashe kayansa. Shekara goma sha ɗaya suna aiki tare. Kafinta bai ɗago ba. Ya ce Allah ya sa alheri, ya ci gaba da guga har katakon ya yi zafi.

Da rana ta take, ya koma bayan shago inda ake jingine falanki, ya ciro waya. Wata uku ke nan da 'yarsa ta saka masa wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, wadda mutum ke ba ta labarin yininsa, ita kuma ta adana, ta yi masa tambayoyi. Da farko ya ce shi ba zai yi hira da waya kamar mai taɓin hankali ba. Yanzu ko matarsa ta san ba a katse shi idan ya fara.

Ya zazzage mata komai: yadda ya koya wa Auta riƙon zarto, yadda ya yi ta haƙuri da ɓarnar katako, ga sakayyar da ya samu yau.

Manhajar ta ce ta ji zafin da ke ransa. Sannan ta tuna masa cewa a watan jiya ya ba ta labarin wani teburin cin abinci da wata likita ta yaba, ya ce shi ya yi. Amma a makon da aka haɗa teburin, kullum yana gaya mata yana kwance a gida da ciwon baya.

"Wa ya haɗa teburin?" ta tambaya.

Ya kashe wayar, ya ce abin da 'yan zamani suka ƙirƙiro dole ya yi rashin kunya. Ya zauna a kan falanki yana kaɗa ƙafa. Can ya sake kunnawa, ya koma baya yana bin abin da ya faɗa tun farko. Duk inda aiki ya yi kyau, "na yi" ne. Duk inda ƙusa ta karkace, sunan Auta ne. Da bakinsa ya faɗa, babu wanda ya ƙara masa ko kalma ɗaya.

Wajen la'asar wani shugaban makaranta ya shigo da hoton teburin a wayarsa. Likitar ce ta turo shi, yana son irinsa guda shida don ɗakin malamai, kuma hannun da ya yi wancan yake so.

Kafinta ya kakkaɓe garin katako daga rigarsa.

"To ba ni za ka gani ba," ya ce. "Ga mai hannun can, ƙanena. Ranar Asabar zai buɗe nasa shagon. Ku yi magana, ba za ka yi da-na-sani ba."

Auta ya tsaya da tef ɗin awo a hannu yana kallon yayansa, sai da baƙon ya yi masa sallama sau biyu kafin ya amsa.

Bayan baƙon ya tafi, Kafinta ya ce wa Auta ya haɗa da ƙaramin injin yanka in zai tafi, tebur shida ba aikin zarto ba ne. Auta ya yi godiya ƙasa-ƙasa, sannan ya nuna wata kujera da Kafinta ya gama jiya.

"Yaya, tun safe nake son in gaya maka. Ƙafar baya ɗaya ta fi sauran tsawo."

Kafinta ya dafa kujerar, ta yi rawa.

"Miƙo min tef ɗin," ya ce.