Na Ba Ka Gaskiya

"Ga wata hujjar, Baba," na ce. "Duk inda ka ga agogo, akwai wanda ya ƙera shi."

Mai Walda ya buɗe ido ɗaya. "Agogon ɗakin nan ya tsaya tun bara, Farfesa. Wanda ya ƙera shi bai leƙo ba."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Na jira tarin ya lafa, na ci gaba.

Maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Hayaƙin walda ya cinye masa huhu, asibiti suka sallame shi ya dawo gida. Tun da ɗansu tilo ya mutu ana tsakiyar yi masa addu'a, bai ƙara taka coci ba. Ni kuwa ban daɗe da dawowa daga karatun tauhidi a ƙasar waje ba. Matarsa, wadda duk layin ke kira Mama, ita ta tare ni a bakin famfo.

"Ɗana, kai ka yi karatu. Ka shawo mini kansa. Ba na so ya tafi yana fushi da Allah."

Na karɓi aikin kamar jarrabawa. Da la'asar kaɗai yake samun ƙarfin magana, la'asar ɗin kuma nake zuwa in cinye. Mama takan ajiye mana ruwa, ta fita tsakar gida ta zauna.

Ranar nan na kai shi bango. Duk abin da ya kawo sai na warware shi. Ƙirjinsa na sama da ƙasa, ya ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda.

"To, na ba ka gaskiya. Bar ni in huta."

Ina fitowa Mama ta miƙe, tana goge hannu da zani.

"Me ya ce?"

Na dubi fuskarta. Na ce, "Ya ba da gaskiya."

Kalma ɗaya na sauya. Tasa maganar wanda aka kayar a gardama ce, tawa kuwa ita ce wanda ya yi imani yake faɗa a gaban bagaden coci. Mama ta durƙusa a kan siminti ta ɗaga hannuwa. Kafin rana ta faɗi ta aika wa Fasto ya kawo Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke karɓa, washegari.

Washegari na tarar da Fasto a tsakar gida, da ƙaramar jakarsa a cinya. Matan coci sun cika benci. Wata ta kama hannuna da hannu biyu.

"Allah ya yi maka albarka. Karatu bai faɗi ƙasa banza ba."

Mama ta leƙo. "Yana kiranka. Kai kaɗai."

An sa masa farar riga, ta yi masa yawa. Ya nuna mini kujera da haɓa.

"Farfesa, ashe kai ma kana walda? Ka ɗauki maganata ka liƙa mata wata."

"Baba, zan fita in gaya musu."

"Zauna. Ka gaya musu me, tsohuwa ta riga ta yi rawa?" Ya numfasa. "Da na so in kunyata ka a gaban Fasto. Na ma shirya abin da zan ce. Sai da gari ya waye, ina kwance ina kallon silin. Tun da yaron nan ya tafi, akwai wani ƙarfe a nan." Ya dafa ƙirji. "Ba ciwon ba, na san ciwon. Sai na ji an ɗage shi. Na kira sunan Yesu, ban ji haushi ba."

"Wace magana ce cikin nawa ta..."

"Kai! Rabin maganarka barci nake yi." Ya yi murmushi. "Ba wanda ya ce mini komai. Kira mini Fasto."

Na tsaya a bakin ƙofa. Mama ta tallafe masa kai, ya karɓi gurasa, ya kurɓi ƙoƙon. Bayan nan ya so ya yi mata magana. Ta kai kunne bakinsa, muryar ba ta fita. Ya gwada, ya sake gwadawa, ya haƙura. Na tuna duk la'asar ɗin da ta yi a waje tana jiranmu.

Ya rasu bayan kwana biyu, wajen azahar.

A wurin gaisuwa kowa sai ya nuna ni. Ga wanda ya dawo da Mai Walda. Fasto ma ya ambace ni a wa'azi. Ban ɗaga kai ba.

Da mutane suka watse, na sami Mama a bayan kicin tana wanke kofunan baƙi. Na tsuguna gefenta.

"Mama, ran nan bai ce ya ba da gaskiya ba. Cewa ya yi ya ba ni gaskiya. Ni na sauya."

Ba ta daina wanki ba.

"Na sani. Tagar a buɗe take, kunnena kuma lafiyarsa lau."

"Amma kika aika wa Fasto?"

"Na ce wa Ubangiji, to, ga yaro ya riga ya faɗa, sai ka san yadda za ka yi." Ta ɗauraye kofi ta kife. "Da dai ka bar mini la'asar ko ɗaya."

Ta ciro tsumma daga kafaɗarta ta miƙo mini. Tana wankewa, ina gogewa, ina jera su a kan tire, har inuwar katanga ta rufe mu.