Ba Ciwon Baya Ba Ne

Tela ta daina zama tun kafin kowa ya lura. Awo a tsaye, yanka yadi a tsaye, cin abinci ma a tsaye, in ta ci ke nan, don kowace loma tana tuna mata banɗakin gobe da safe. Tsagewa ce a dubura, 'yar ƙarama da ba ta kai ramin maɓalli ba, amma in ta shiga bayi sai ka rantse fasasshiyar kwalba take fitarwa. Ta fito tana dafa bango, zugin ya bi ta har azahar.

Keken ɗinki kuwa bai san tsaye ba, sai an zauna ake taka shi. Nata ya yi ƙura a lungun shago, masu kawo ɗinki suna ta zamewa.

Surukarta ce ta raɗa wa ciwon suna. "Ciwon baya ne," take gaya wa duk wanda ya tambaya. Mutane kuwa, Allah ya saka musu, suka dage. Wannan ta kawo man zafi, waccan ta kawo bel na ɗaure ƙugu, wani ya aiko cewa ta riƙa kwana a ƙasa. Tela ta karɓa, ta yi godiya, takaici kamar ya kashe ta.

Maganin gaskiyar ma bai tsinana komai ba. Man shafawa na farko ciwon kai ya sa mata, na biyu ya yi kamar zai yi, ya fasa. Likita ta ce tsokar wurin ce ta ɗaure, ta hana ciwon warkewa, sai an yi ƙaramin aiki an sassauta ta. Ba ta ɓoye mata ba, wasu kan sha wahalar riƙe iska bayan aikin. Tela ta ce ta ji, a sa mata rana.

A gida aka tayar da ƙura. Maƙwabciyarsu mai kanti na falon, ta kawo wani man bayan, don haka suruka ta ja Tela gefe tana raɗa.

"A can wurin za ki bari su sa wuƙa? Me za mu ce wa mutane?"

Maigida ya matso. "Ki ƙara haƙuri mana. In ɗinkin ya gagara, sai a sayar da keken ki huta."

Nan ya taɓo ta. Ta juya, ta ɗaga murya yadda har na tsakar gida zai ji.

"Mama, bayana lafiya lau yake. Duburata ce ta tsage. Na shafa, na jiƙa, na yi haƙuri, na gaji. Aiki za a yi min. Kekena kuma, duk wanda ya taɓa shi zai ga abin da bai taɓa gani ba."

Suruka ta yi salati. Maigida ya shiga duba silin kamar yau aka kafa shi. Mai kanti ta mayar da man cikin jaka.

Aka yi aikin. Ba daɗi, kuma tsoro ta ji sosai, har ta yi kuka a kan gadon. Amma da makonni suka shuɗe, wata safiya ta goge ƙurar keken, ta zuba masa mai, ta sauka a hankali kan kujerar katako, ba ko matashi. Ta jira zugin. Bai zo ba. Ta taka.

Tana cikin ɗinki mai kanti ta leƙo.

"Shigo ki zauna mana," in ji Tela.

"A'a, bar ni a tsaye. Bayana ne ke ɗan damuna."

Tela ta ɗaga ƙafa daga keken, ta dube ta sama da ƙasa.

"Yaya, bayanki ne, ko irin bayana?"