Ɗakin Zauren Baba Uba

Ina cikin yi masa bayanin cewa ba haka ake wasiyya ba, Baba Uba ya riga ya danna waya ya kai ta baki kamar zai gatsa.

"Ni Uba, da hankalina. Ɗakin zaure, Gidiyon ya zauna a ciki har ya mutu. In ya mutu a mayar wa 'ya'yana." Ya saki yatsa, ya dube ni. "Aina'u, kotu za ta karɓa?"

Aji uku nake lokacin a sashen shari'a, amma a layinmu na Sharada tun ranar da aka gan ni da farar riga da baƙin siket na zama Barista. Katangarmu ɗaya da Baba Uba. Shi kuwa Gidiyon mutumin Filato ne, shekara ashirin da takwas suna tsaye kan inji ɗaya a kamfanin fata a Challawa. Da aka sallame su, matar Gidiyon kuma ta rasu, Baba ya ba shi ɗakin. Yanzu ƙirji ya kwantar da Baba, babban ɗansa Musbahu kuwa ya daɗe yana auna ɗakin nan da ido, shagon cajin waya yake so.

Na gyara murya na ce ya danganta. Malaminmu na dabarun bincike ya hana mu buɗe baki sai da madogara uku a hannu. Na lissafa masa: ko saƙon murya shaida ne, ko ana yi wa wanda ba Musulmi ba wasiyya, ko ɗakin ya haura sulusin dukiya. Na ce ku ba ni sati biyu, Baba. Ya ce ko likita bai yi masa alkawarin sati biyu da wannan ƙarfin halin ba.

Wai ni ya turo wa saƙon. Ashe zauren hirar waya na tsofaffin ma'aikatan kamfanin ya faɗa, mutum ɗari da arba'in da uku. Kafin in tashi wayarsa ta fara kuka. Wannan ya ce Allah ya ƙara sauƙi, wancan ya tambayi makomar keke. Malam Isyaku, tsohon shugabansu a wajen aiki, ya ce tari ya cinye ƙarshen, a sake.

Sai ya sake. Kuma bai daina ba. Mutumin da ya saba miƙa aiki duk ƙarfe shida na safe, ya faɗa wa mai karɓarsa halin da ya bar inji, haka ya mayar da wasiyyar. Kullum da shida sai ya maimaita ta, ya haɗa da rahoton ƙirji da abin da ya ci. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa yana lalata mini hujja, ya ce shi bai taɓa barin aiki bai miƙa ba.

Na tare a laburare. Na bi dokar shaida sashe-sashe, na tono hukunce-hukunce, na zauna da littattafan Malikiyya har ma'aikacin wurin ya fara gaishe ni da suna. Shafi goma sha tara na rubuta, da jerin madogara, kuma duk amsar tambayar Baba kalma ɗaya ce: e. Tun kwana na biyar na san haka. Tsayawa na yi gyaran rubutu.

Ranar Alhamis bayan la'asar na sauka daga adaidaita, tireloli sun tsare mu kusan awa guda, na tarar da tabarmi a ƙofar gidansu Baba Uba. Da hantsi Baba ya cika, har an kai shi. Wayata tana kashe, dokar laburare. Na tsaya da takarduna a hannu, kunya da baƙin ciki suka rufe ni, na rasa wanne ya fi.

Ranar uku, bayan addu'a, Musbahu ya ce cikin ladabi maganar Baba ta zafin ciwo ce. Gidiyon yana gefe, tun jiya ya ɗaure kayansa a buhu biyu. Na aika aka nemar mini izini wajen liman, na tsaya daga bakin ƙofa na fara da gabatarwa. Ina shafi na biyu, ban ma iso ma'anar wasiyya ba, Malam Isyaku ya ce 'yar nan Allah ya yi miki albarka, ya zaro waya. Na kusa da shi ma ya zaro. Kafin ka ce me, Baba Uba yana magana daga wayoyi sun fi ashirin, wani na Litinin, wani na Laraba, kowanne da tarinsa.

Liman ya ɗaga hannu, ya tambaya ko akwai maza biyu da suka ji daga bakinsa. Tara suka miƙe. Ba su yarda da waya ba, shi ya sa suka yi ta zuwa dubiya su ji da kunnensu. Liman ya tambayi girman gidan saboda sulusi, ya tabbatar da wasiyyar cikin minti biyu, bai nemi shafi ko ɗaya ba.

Waya ɗaya ce ba a kashe ba, ta Malam Zakariyya, wanda bai iya kashewa ba. Saƙon safiyar Alhamis ne, muryar ta yi ƙasa sosai.

"Musbahu, na ga kana auna ɗakin. Ba laifi, kana da kai. Amma mutumin nan shi ya fizgo hannuna daga inji. Ka bar shi."

Musbahu ya sunkuyar da kai ya rufe fuska da hula.

Da yamma zan shiga gida na hangi Gidiyon ta ƙofar zaure. Ya kwance buhu ɗaya, yana tsaye da kalanda a hannu, yana laluben ƙusar da ya cire jiya.