Rokar Su Ubaidullahi

Malam Gregory, malamin kimiyya a sakandaren 'yan mata, ya jingina wayarsa da wani galan a kan benci, ya ce a matsa a ba Baba Mijinyawa wuri. Mutum tara ne suka taru bayan azahar a rumfar Nata'ala mai gyaran babur, a bakin titin Gwarzo zuwa Kabo.

Mijinyawa tsohon direban motar asibiti ne. Ɗansa Ubaidullahi injiniya ne a wani kamfanin ƙera roka a Amurka, kuma wata biyu ke nan duk wanda ya zauna kusa da tsohon sai ya sha labari: tsayin rokar ya kai bene hawa arba'in, ɗansa yana cikin masu haɗa bututun da mai ke bi. Yau ce ranar gwaji, ana nuna shi kai tsaye a wayar.

Rokar ta tashi cikin hayaƙi, a hankali kamar ba ta so. Wani ya yi kabbara. Mijinyawa ya gyara zaman hularsa. Bayan minti uku sai ta karkace, ta shiga juyawa, sannan wuta ta cika fuskar wayar. Da ta washe, ba a ga komai ba sai gutsattsari suna zubowa.

"Inna lillahi! Mutum nawa ne a ciki?" in ji wani manomi daga Sabon Birni.

"Ba kowa. Gwaji ne kawai," in ji Gregory.

"To waɗannan kuma tafin me suke yi?" Nata'ala ya nuna ma'aikatan kamfanin da aka hasko suna ta sowa. "Baba, ashe haka aikin yake? Ni ma daga yau in babur ya kama wuta a hannuna, tafi zan yi wa mai shi."

Aka yi dariya. Wani ya ce aikin banza ne, mutum bai gama da ƙasa ba ya nufi sama. Wani ya ce shirin fim ne, tun farko babu wata roka. Gregory ya fara bayani cewa tashin da ta yi ma ci gaba ne, amma ba mai saurarensa. Mijinyawa ya ɗauki sandarsa ya yi musu sallama.

Dariyar ba ta dame shi ba. Shekara ashirin da biyu ya yi yana tuƙi ko kaza bai taka ba, har ranar da tayar gaba ta fashe masa kusa da Lakwaya, motar ta kife a gona. Ba wanda ya mutu. Sau uku yana rubuta cewa tayar ta suɗe, amma da kwamiti ya zauna ba a ga takardun ba, kuma shi aka sallama. Abin da ya sani shi ne, in kayan manya suka lalace, ƙarami ake nema. A wancan wuri kuwa bai ga wanda ya kai baƙo daga Gwarzo sauƙin kamawa ba.

A gida ya tarar da matarsa Uwaliya tana tsince shinkafa, labari ya riga shi isowa.

"Malam, an ce ta ƙone."

"Ta ƙone."

"Yaron fa?"

"Yana ƙasa. Ba ya ciki."

Ya kira lambar ɗan nasa sau huɗu, ba a ɗauka ba. Ya yi la'asar, ya dawo ya zauna a kan tabarma da wayar a cinyarsa. Uwaliya ta ajiye masa kunu, har ya huce bai taɓa ba. Wajen ƙarfe biyar wayar ta yi ƙara.

"Baba, barka da yamma. Ya gida? Ya Inna? Kun kalla kuwa?" Muryar Ubaidullahi cike take da murna, ana jin hayaniya a bayansa.

"Lafiya lau. Mun kalla. Kana ina yanzu?"

"Ofis. Abinci aka kawo mana, ana ta biki."

"Bikin me?"

"Ai ta wuce inda muka zata, Baba. Mun samu bayanan da muke nema. Akwai wata ma an kusa gama haɗa ta."

"Me ya fashe?"

"Ba a tabbatar ba tukuna. Ana zaton mai ne ya tsiyaya ta wani bututu."

Mijinyawa ya runtse ido. "Na ɓangarenku?"

"Zai iya yiwuwa. Gobe kwamiti zai zauna."

"Ubaidu, saurare ni. Duk takardar da ka taɓa rubutawa a kan bututun nan, ka yi kwafinta ka kai gida. Kada ka sa hannu a kan komai sai ka karanta sau biyu."

Ɗan ya yi dariya. "Baba, nan ba haka ake yi ba. Ba mai laifi ake nema ba, dalili ake nema."

"Ni ma haka suka ce mini."

"Wallahi ba komai. Ana kirana, Baba. Ka gaishe da Inna, zan sake kira."

Uwaliya ta bar tsintar da take yi ta zuba masa ido.

"Me ya ce?"

"Ya ce nasara aka yi."

"To, alhamdu lillahi." Ta ci gaba da aikinta.

Mijinyawa ya shanye kunun da sanyinsa, ya shiga ɗaki ya sako babbar riga.

"Ina kuma za ka da yammar nan?"

"Kabo. Wajen Alhaji Musbahu, mai son sayen gonarmu ta Masanawa. Zan ce masa na fasa."

"Ba kai ka ce ƙarfinka ya ƙare, ba mai noma ta ba?"

"A bar ta dai," in ji shi. "Ko ba a noma ba, ta zauna saboda yaron."

Ya fita bakin titi ya tsaya jiran mota.