Gayya Kafin Yankan Shinkafa

Ruwan ƙarshen Agusta ya cika babbar magudanar noman rani har ta yi ambaliya, ta bi ta bayan gari ta kwantar da ɗakin Iya, mahaifiyar Sammani. Aka kwashi tsohuwar zuwa makarantar firamare, inda mata da yara suke kwana a daɓen siminti. Ba a jima ba tari ya kama ta.

Mai unguwa ya tara magidanta ya shaida musu cewa an yi doka a jiha: duk wanda ruwa ya rushe wa muhalli za a ba shi siminti da kwanon rufi, amma sai kwamiti ya ga kangon da idonsa. Kada kowa ya ɗaga ko tubali ɗaya. Da aka tambayi ranar zuwansu, ya ce suna wajen Bunkure, sun kusa.

Sammani ya kasa zama. Ya je gona ya dawo bai taɓa komai ba, ya zagaya tarin ƙasar ɗakin, ya leƙa titin Kura, ya koma makaranta. Kullum Iya ta tambaye shi ko an cuɗa ƙasa, ya ce ana jiran gwamnati. Ita kuwa ta ce tun tana yarinya, in ɗaki ya faɗi, ƙasarsa ake jiƙawa a sake tayar da shi, ba ta taɓa jin an ajiye kango don baƙi ba.

Lukmanu magini, taubashinsa, ya tare shi a ƙofar masallaci. Ya ce samari sun yarda su yi gayya ranar Asabar, amma da an soma yankan shinkafa ba wanda zai samu hannu sai bayan kaka.

"Kai dai da son banza," in ji Lukmanu. "Gwaggona tana tari kana gadin taɓo."

Sammani ya ce ɗakin siminti yake so mata, wanda ruwa ba zai sake ci ba. Lukmanu ya tambaye shi ko ya tabbata za ta kai lokacin.

Da Sammani ya je gaishe da Iya ranar Juma'a, ya tarar ta kasa tashi zaune sai da Indo, matarsa, ta tallafe ta. Ya fito ya aika wa Lukmanu cewa ya yarda.

Aka yi gayyar. Aka tattake tsohuwar ƙasar da ciyawa, aka ja bango, aka mayar da tsohon kwanon da azarorin da suka tsira. Da ginin ya sha iska, Iya ta koma.

Kwamitin ya iso ana tsakar yanka. Jami'in, wani saurayi mai ladabi, ya dubi ɗakin, ya saurari bayanin Sammani har ƙarshe, ya ce ya yarda da shi, amma kango dokar ta ambata.

"Baba, ka yi haƙuri. Abin da na gani zan faɗa."

Suka wuce gidan gaba, inda ba a taɓa komai ba.

Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Sammani ya ɗauko tamfol ɗin shanyar shinkafa ya lulluɓe bangon, ya danne da duwatsu, ya dinga zagayawa yana danna gindin ginin da yatsa don ya ji ko ya yi laushi. Daga ciki Iya ta yi tari, sannan ta ce wa Indo ta gaya wa mai sintirin nan ya bar mata bayan ɗaki, tana son ta ɗan runtsa.