Mai Gadin Rijiyar Iska

A garinmu Nyelebugu akwai wata rijiya da ba ta taɓa ba kowa ruwa ba. Masu haƙa burtsatse ne suka huda ta tun muna samari, maimakon ruwa sai wata iska ta riƙa fitowa tana huci, ba launi, ba wari. Tsofaffi suka ce numfashin mutanen ɓoye ne, aka liƙe bakin da siminti, aka daina bin hanyar. Sai bayan shekaru da yawa wasu mutanen kamfani suka zo daga Bamako suka buɗe ta. Suka ce sunan iskar haidurojin, kuma tana tada inji kamar fetur. Suka girka injin, suka ja wuta zuwa masallaci da ɗakin haihuwa da bakin kasuwa, suka zagaye wurin da shingen waya. Ya rage a sami wanda zai zauna da injin.

Koniba Tarawele ne ya karɓi aikin. Tsohon makaniken babur ne, matarsa Masitan ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aure can Sikaso. Aka gina masa ɗaki a cikin shingen. Injiniyar da ta koya masa aikin, wata doguwar mace mai suna Kadidiya Sisoko, ta zaunar da shi ranar farko ta ce, "Baba Koniba, a cikin shingen nan ba ashana, ba taba, ba gawayi. Wannan iskar ta fi kowace iska rashin nauyi, ta kafar da ruwa ba zai bi ba ita sai ta bi. Ɗan tartsatsin da ba zai kunna fetur ba ya ishe ta. In kuma ta kama da rana, ba za ka ga harshen wutar ba."

"To yaya zan san tana ci?"

Ta miƙa masa doguwar tsintsiya. "In ka ji fito a jikin bututu, ka riƙe wannan a gabanka. In ta kama, ka tsaya nan."

Hana gawayin nan shi ya raba Koniba da mutane. A garinmu duk inda ba a dafa shayi, ba mai zama. Abokansa na gareji suka zo sau ɗaya, suka zauna hannu rabbana, suka kalli inji, ba su sake dawowa ba. Mata kuwa har yanzu suna kewaye wurin in za su itace. Da la'asar ya tada inji, garin ya haskaka, shi kuma ya zauna a bakin ɗakinsa yana jiyo hayaniyar kasuwa daga nesa. Injin ba ya hayaƙi, tururi yake fitarwa, ruwa na ɗiga daga bututunsa. Koniba ya tara gwangwani yana ba wasu 'yan barkono da ya shuka, wani lokaci har ya yi musu magana.

Mutum ɗaya ne bai daina zuwa ba, tsoho Seriba Jara, manomin auduga. Zuriyar Jara da ta Tarawele abokan wasa ne tun kaka da kakanni, zagi a tsakaninsu gaisuwa ce. Seriba kan zo da tabarmarsa ya shimfiɗa a gindin kaɗanya, can wajen shinge, ya hura gawayinsa, sannan ya ɗaga murya.

"Kai bawana! Fito ka gaida ubangidanka."

"Wa ya saki wannan maciyin waken?" in ji Koniba yana fitowa. "Matsa da gawayinka, Jara. Iskar cikinka kaɗai ta isa ta tashi garin nan."

Wata rana Koniba ya ba shi labarin abin da injiniya ta faɗa, cewa kilo ɗaya na iskar ya kusa yin ƙarfin kilo uku na fetur, amma kafin ka tara kilo ɗayan sai ka cika ɗan ɗaki guda da ita.

Seriba ya kurɓi shayi ya ce, "Ashe Batarawele ce. Cika wuri, ba nauyi."

"Ka manta ƙarfin."

"Ƙarfin ban gani ba, labari na ji."

Haka suke har rana ta yi sanyi, Koniba ya koma ya tada inji, Seriba ya naɗe tabarma.

Abin ya faru ne a bazara, da tsakar rana, ranar da aka yi sunan jikan Seriba. Koniba bai je ba, don tun safe yake jiran mai kawo man shafa inji, shi ya sa ma ya bar ƙofar shinge a buɗe. Yana kwance sai ya ji wani siririn fito daga wajen babban bututu. Ya leƙa, bai ga komai ba, sai iska da ke ɗan rawa a saman wurin, irin yadda take yi a kan kwalta. Ya zaga bayan ɗaki ɗauko tsintsiya. Kafin ya fito, ga Seriba ya shigo da babbar rigarsa ta suna, riƙe da kwanon dafaffen wake da ya kawo masa don tsokana, ya yanko ta gefen bututun.

"Jara, tsaya! Tsaya nan!"

Seriba ya yi dariya, bai rage tafiya ba. "Yaushe bawa ya fara ba ubangidansa umarni?"

"Wallahi ba wasa nake ba! Wuta!"

Seriba ya dubi gabansa, fili ne fetal, rana tar. Ya ƙara taku biyu. Sai kawai gefen rigarsa ya kama.

Koniba ya ruga ya fizgo shi, ya kayar da shi a yashi ya yi ta birgima da shi har wutar ta mutu, sannan ya rarrafa ya murɗe makullin rijiyar da hannayensa da suka saɓule. Seriba ya ƙone daga cinya zuwa haƙarƙari. Aka ɗora shi a babur mai ƙafa uku zuwa asibitin garin Kati, daga can 'ya'yansa suka wuce da shi Bamako.

Mutanen kamfani suka zo suka canza robar mahaɗin bututun da ta tsage, Kadidiya ta duba hannayen Koniba ta ce ba laifinsa ba ne. A gari kuwa ba a faɗi haka ba, ba a kuma faɗi akasinsa ba. In ya shiga kasuwa a amsa gaisuwarsa a taƙaice. Babban ɗan Seriba ya gan shi a masallaci ya canza sahu. Koniba ya kira lambarsu sau da yawa, kullum a ce tsoho yana barci. Ya rage shiga gari, sai Juma'a.

Seriba bai dawo ba. Ciwon ya warke sama-sama, zazzaɓi ya biyo baya, ya rasu a farkon damina, aka binne shi a Bamako. A bakin mai kawo man inji Koniba ya ji.

Ranar sadakar bakwai ya sa rigarsa mai kyau ya tafi gidan Seriba. Ya zauna can ƙarshen rumfa, ba wanda ya matsa masa wuri, ba wanda ya kore shi. Da aka shafa addu'a ya miƙe zai tafi, sai aka ce Nantene, matar marigayin, tana kiransa. Ya tsuguna a bakin ƙofarta, kansa a ƙasa.

"Tarawele," ta ce, "tun safe kowa yabonsa yake yi, har na fara zaton ba mijina ake nufi ba. Kai ba za ka zage shi ba? In ba kai ba wa zai yi?"

Koniba ya ɗago kai. Ya ce, "Ragon banza ne. Ya ga an fara noma ya gudu."

Nantene ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Da ta natsu ta ce, "A asibiti ya faɗa wa yaran, ya ce ka yi masa ihu, shi ne bai ji ba. Su ne ba su so su ji."

Ya gyaɗa kai, ya miƙe ya koma wajen injinsa.

Bayan girbi 'yarsa ta zo daga Sikaso ta roƙe shi ya bi ta. Ya ce sai an sami wanda zai karɓe shi. Kamfani ya turo wani magidanci daga Kulikoro, bai yi wata biyu ba ya ce shirun wurin ya fi ƙarfinsa, ya tattara ya koma. Ba a sake turo kowa ba. Har yau Koniba yana can, gashinsa ya yi fari fat. Nantene kan aika masa da tuwo da miyar gyaɗa ranar kasuwa, a rataye masa a jikin shinge, ya fito ya ɗauka.